Hantsa lafiya a ido, madara kuma ta ƙi kamawa

Mai Turke: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, don abin ya fara hana ni barci. Ina da shanun tatsa shida a bayan Mariri, huɗu 'yan ruwa biyu ne, Firiziyan da Bunaji, biyu kuma Bokolo. Sati uku ke nan matar da nake kai wa madara tana kuka da ni, wai yogot ɗinta ba ya kamawa yadda ya saba, sai ya tsinke ruwa ya taso sama. Jiya ta ce in ba a gyara ba za ta nemi wani. Wallahi ban taɓa zuba ruwa a madarata ba. Na bi hantsar kowace saniya na lalube da hannuna, babu kumburi, babu zafi, babu jini, babu gudaji. Suna ci suna tuƙa lafiya lau. Abin da na lura da shi kawai, babbar cikinsu, wadda ta yi haihuwa huɗu, da tana ba ni lita 11 a yini, yanzu da ƙyar take kai 8, kuma ban rage mata dusa ko harawa ba. Me ke faruwa?

Mai Shagon Magani: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka wahalar da kanka. Ka yi musu allurar oksi mai dogon zango, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, gaba ɗayansu, ka bi da bitamin. Kwana uku za ka ga canji.

Hajiya Mai Yogot: Don Allah Alhaji kada ka soma. Ba ni ce matar da yake kai wa ba, amma na san zafin abin. Bara na yi asarar bokiti biyu cur a dare ɗaya saboda irin wannan shawarar. Na dafa madarar, na bar ta ta huce, na zuba iri, na rufe da bargo kamar kullum. Da asuba na buɗe, tana nan yadda na bar ta, ruwa tsululu. Sai daga baya yaron da ke kawo mini ya faɗa mini an yi wa shanu biyu allura kwana biyu kafin nan. Maganin da ke kashe cutar jikin saniya shi ne ke kashe irin yogot, kuma dafuwa ba ta fitar da shi. In ka yi wa duka shida allura, ka yi sallama da mai sayen madararka da hannunka.

Mai Turke: Hajiya, ban yi wa kowace allura ba tun bayan ƙaramar salla. Shi ya sa abin ya ɗaure mini kai.

Baba Ardo: Ɗana, ka ɗanɗana nonon? Ka tatsi kowane kan nono daban a tafin hannunka ka sa a harshe. Wanda ka ji gishiri-gishiri a cikinsa, nan ciwon yake. Haka iyayenmu suka koya mana, ba mu san wata na'ura ba.

Dakta: Salamu alaikum. Yanzu na fito daga wani garke a hanyar Gezawa na ga maganar. Allah ya ƙara wa Baba Ardo lafiya, abin da ya faɗa yana da tushe a ilimi. Idan hantsa ta kamu, zaƙin madara yana raguwa, gishiri daga jini yana tsiyayowa cikinta. Sai dai kafin harshe ya kama wannan bambancin ciwon ya riga ya yi nisa, kuma ni ba na son mutum ya riƙa lasar ɗanyar madarar saniyar da ake zargi, saboda bakkale, ciwon nan mai sa shanu ɓari, da tarin fuka duk suna iya shiga mutum ta nan.

Alhaji, abin da ka kwatanta ya yi kama da ɓoyayyen ciwon hantsa. Ciwon hantsa iri biyu ne. Akwai wanda kowa ya sani, hantsa ta kumbura ta yi zafi, saniya ta riƙa harbi in an taɓa ta, madara ta fito da gudaji ko ta koma ruwa. Akwai kuma wanda ba ya nuna komai a ido, kuma shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Saniya tana tafe lafiya, madararta fara tas, amma a ciki ana yaƙi. Ƙwayar cuta ta shiga ta ƙofar kan nono, jiki ya turo fararen ƙwayoyin jini su yaƙe ta, su kuma sai su biyo madara su fito. To ƙidayar waɗannan ƙwayoyin ita ce ma'aunin lafiyar hantsa a duk inda ake sana'ar madara da gaske.

Ɗalibin Kiwo: Dakta, wato ƙwayoyin cutar ake ƙirgawa ke nan?

Dakta: A'a, nan mutane da yawa ke ruɗewa. Ƙidayar ƙwayoyin cuta daban ce, ita tana gaya maka tsabtar bokiti da hannu da kuma daɗewar madara a cikin zafi. Wannan kuwa ƙwayoyin jikin saniyar ne da kanta, sojojinta. Ana lissafa su a mililita ɗaya na madara, mil ɗaya ke nan a ma'aunin sirinji. Lafiyayyar hantsa yawanci ba ta wuce 100,000. In saniya ta haura 200,000, ana ɗaukar akwai ciwo aƙalla a kan nono ɗaya. Mai ciwo sosai tana iya kai miliyoyi. A Tarayyar Turai madarar garken da ta wuce 400,000 ba a karɓarta don abincin mutane, a Amurka iyakar doka 750,000 ce.

Mai Turke: To Dakta ni a Mariri wa zai ƙirga mini dubu ɗari biyu?

Dakta: Ba sai an ƙirga maka ɗaya bayan ɗaya ba. Akwai na'urorin da ke bayar da adadin, kamfanin DeLaval ma yana da ta ɗauka a hannu, amma kuɗinta da na kayan da take ci ba na mai shanu shida ba ne. Abin da ya dace da mu shi ne gwajin CMT, wanda aka fito da shi a Jami'ar Kalifoniya a 1957, har yau kuma ba a daina amfani da shi ba. Wani faranti ne na roba mai mariƙi, mai gurbi huɗu, kowane gurbi na kan nono ɗaya. Sai ruwan gwajin mai launin shuɗi-shuɗi.

Kafin a fara tatsa, ka zubar da tsartuwa biyu ko uku na farko. Ka tatsi kowane kan nono a gurbinsa, ka riƙe farantin yadda ba za ka manta wane gurbi ne na gaba-dama, wane ne na baya-hagu ba. Ka karkata farantin rarar ta zube, ya rage kamar mil 2 a kowane gurbi. Ka zuba ruwan gwajin daidai yawan madarar, ka jujjuya a hankali kamar mai tankaɗe, daƙiƙa 10. Ruwan yana fasa ƙwayoyin nan ne, abin da ke cikinsu ya fito ya yi yauƙi. In madarar ta tsaya ruwa yadda take, lafiya. In ta ɗan yi kauri ya ɓace, alama ce kaɗan. In ta yi yauƙi kamar miyar karkashi, akwai ciwo. In kuwa ta dunƙule a tsakiyar gurbin kamar farin ƙwai, ka karkata ta ƙi zubowa, wannan kan nonon ya haura miliyan 5. Ka karanta nan take, don in ka tsaya surutu yauƙin yana sakewa.

Baba Ardo: Likita, ni ina da magana. Shekara sama da hamsin ina bin shanu, tun daga dajin Falgore har na zauna a nan gefen Tamburawa. Bunajinmu ba su san wannan ciwon ba sai jefi-jefi. Da aka kawo mana shanun Turai masu hantsa har ƙasa, aka ɗaure su wuri ɗaya a kan kashinsu, aka raba su da 'ya'yansu, sannan aka fara maganar faranti. Mu ɗan maraƙi shi ke fara tsotsa nono ya sauko, shi ke gamawa ya share hantsar tas. Ku mayar wa saniya ɗanta ku ga in za ku nemi ruwan gwaji.

Dakta: Baba, rabin maganarka ba ni da ja a kanta. Saniya mai yawan madara, mai saukakkiyar hantsa, ta fi saurin kamuwa, kuma saniyar da ke yawo a daji tana kwana a busasshen wuri ta fi wadda ke turke cikin caɓi. Tsotson maraƙi bayan tatsa ma yana taimakawa, don yana kwashe ragowar madarar. Inda zan roƙi Baba ya saurare ni shi ne cewa Bunaji ba ta kamuwa. Tana kamuwa, ba a gani ne. Saniya nawa a rugage ke da kan nono uku, na huɗun ya mutu? Wannan kan nonon ba dare ɗaya ya mutu ba. Ya yi watanni yana ciwo a ɓoye.

Baba Ardo: Wannan kaska ce ke yi. Manyan nan masu zane a baya, in suka kama kan nono sai sun lalata shi.

Dakta: Gaskiya ne Baba, kaska tana ciki. Ita ke buɗe ƙofa, cuta ta shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Uwar Garke: Ku yi haƙuri in sa baki, don mu ne masu tsugunawa ƙarƙashin saniyar safe da yamma. Maza suna maganar allura da faranti, ba wanda ya tambayi Alhaji wa ke yi masa tatsa, kuma yaya yake yi. Na taɓa zuwa wani gidan gona a wajen Janguza, na tarar da yaro ɗaya yana tatsar shanu tara da tsumma ɗaya a kafaɗa. Ya goge wannan, ya goge waccan, ya share gumin fuskarsa da shi. In hannunsa ya bushe sai ya tsoma yatsu cikin bokitin madarar ya jiƙa. Tsartuwar farko kuwa a ƙasa yake zubarwa, daidai inda saniyar za ta kwanta. Raina ya ɓaci ranar, na kasa yin shiru. Yaron ba mugu ba ne, ba wanda ya taɓa nuna masa ne.

Mai Turke: Hajiya kamar kina tsaye a turkena. Tsumma ɗaya ne da mu, kuma jiƙa hannu da madara kullum ana yi.

Dakta: Allah ya saka wa Hajiya, ta taɓo inda ciwon yake. Ƙwayoyin da ke kawo ciwon hantsa gida biyu ne. Wasu a cikin hantsar mai ciwo suke zaune, hannun mai tatsa da tsumma su ke kai su ga lafiyayya. Babbarsu ita ce wadda muke kira sitaf, mai taurin kai, tana gina wa kanta ɗan ƙurji a can cikin naman hantsa inda magani ba ya isa sosai. Wasu kuma a kashi da caɓi da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa suke, su suka fi tashi da damina. Irin waɗannan ne wani lokaci ke kayar da saniya cikin yini ɗaya, zazzaɓi, ƙin ci, madara ta koma ruwa rawaya-rawaya. In kun ga haka ba maganar faranti ba ce, a kira likita a lokacin, ko tsakar dare ne.

Bayan an gama tatsa, ƙofar kan nono ba ta rufewa nan da nan, tana ɗaukar kamar rabin awa zuwa awa ɗaya. Saboda haka a tsoma kowane kan nono cikin ruwan aidin da aka yi don wannan aikin, sannan a zuba wa saniya abinci a lokacin don ta tsaya a tsaye. Mai maraƙi ya bari sai ɗan ya gama tsotsa sannan ya tsoma.

Shugaban Zaure: Jama'a an kira Magariba. A ci gaba bayan Isha'i in Allah ya kai mu.

Mai Shagon Magani: Na dawo. Ni fa har yanzu ban ga laifin maganata ba. Dakta da kansa ya ce ƙwayar cuta ce. To maganin ƙwayar cuta ai sananne ne. Talaka ba shi da kuɗin gwaje-gwaje, ka ba shi abin da zai yi ya huta.

Dakta: Ɗan'uwa, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma ka duba lissafin. Shanu shida kan nono 24 ke nan. Mai yiwuwa biyu ko uku ne ke da ciwo. Ka ce ya sayi maganin shanu shida, ya zubar da madarar shanu shida na kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba, alhali wasu daga cikin masu dogon zangon nan an rubuta ƙarara kada a yi wa saniyar da ake tatsa. In bai zubar ba kuma, yaran Kano ne za su sha. Sannan in sitaf ce ta daɗe a ciki, da wuya allurar ta kawar da ita, sai dai ta lafa ta dawo. Wane sauƙi aka yi wa talakan?

Mai Shagon Magani: To wa ke zubar da madara a garin nan? Mu faɗa wa juna gaskiya.

Hajiya Mai Yogot: Shi ya sa muke asara, shi ya sa kuma magani ya daina yi wa mutane aiki. Don ana yi ba shi ne ya zama daidai ba. Ni yanzu duk mai kawo mini madara na gaya masa, in ka yi allura ka faɗa mini, ba zan bar ka ba, zan jira ka kwanakin. Amma in ka ɓoye na gano, mun rabu.

Ɗalibin Kiwo: Dakta, ina da tambaya biyu. Ta farko, ta yaya saniya ɗaya za ta ɓata madarar garke duka har yogot ya ƙi kamawa? Ta biyu, na ji ana iya yin gwajin da omo.

Dakta: Ɗauki biro. A ce shanu 10 ne, kowace madararta daidai da ta 'yar'uwarta. Tara suna kan 100,000, ɗaya tana kan miliyan 5. In ka haɗa a bokiti ɗaya ka raba, ka sami 590,000. Ka ga wake ɗaya ya ɓata gari. Su kuma ƙwayoyin nan ba zaman banza suke yi a madara ba. Madarar hantsa mai ciwo tana zuwa da sinadaran da ke narkar da furotin ɗin da ke sa kindirmo da yogot da cuku su kama jikinsu, ga ƙarancin zaƙin da irin yogot ke ci. Sakamakon shi ne abin da ake gaya wa Alhaji, kamu mai rauni, ruwa a sama, saurin lalacewa. Ban ce lallai wannan ne kaɗai dalilin ba. Madarar da ta yi awa uku a jarka a bayan babur cikin zafin Afrilu ita ma za ta ba da kunya ko hantsa lafiya take. Amma raguwar madarar babbar saniyar nan ita ta sa na fi karkata can.

Maganar omo kuwa tana da asali. A Fakistan masana sun gwada garin sabulun Surf, giram 3 a ruwa mil 100, ya yi aiki kusa da na CMT, kuma makiyayansu suna amfani da shi. Sai dai ba kowane garin sabulu ne haɗinsa ɗaya ba. In za ka yi, ka fara gwada shi gefe da gefe da ruwan gwaji na ainihi a kan saniyar da ka san tana da ciwo da wadda ka san lafiyarta ƙalau. In sun yi daidai, to. Kada ka yanke wa saniya hukunci da abin da ba ka auna ba.

Uwar Garke: Kuma kada a gwada mai sabuwar haihuwa a ce tana da ciwo. Daƙashi dama da kaurinsa.

Dakta: Haka ne. Kwanakin farko bayan haihuwa ƙidayar tana sama ko babu ciwo, haka ma saniyar da ta kusa ƙafewa, da tsohuwa. Shi ya sa gwaji ɗaya ba ya isa. Amfanin farantin shi ne kana kwatanta kan nono huɗu na saniya ɗaya. In uku ruwa ne, ɗaya yauƙi, ba tsufa ba ne, don tare suka tsufa. A sayi littafi na 'yan makaranta, kowace saniya da shafinta, a riƙa gwadawa sau ɗaya a wata ana rubutawa. Bayan wata uku littafin nan zai gaya maka abin da ni ba zan iya gaya maka a ziyara ɗaya ba.

Mai Turke: Salamu alaikum, barkanmu da Juma'a. Na samo farantin da ruwan shekaranjiya a wajen masu kayan dabbobi, yau da asuba muka gwada ni da yarona, da fitilar waya. Huɗu daga cikin shanun, duk gurbi huɗu ruwa. Ɗaya daga cikin Bokolon, baya-dama ya ɗan yi kauri. Da muka zo kan babbar, na gaba biyu lafiya, baya-dama yauƙi, baya-hagu kuwa wallahi sai da gabana ya faɗi. Ya dunƙule ya manne, na kife farantin bai zubo ba. Madarar da na kalla da idona fara sol, wadda jiya na haɗa a bokiti na kai wa mutane. Na sake lalubar wannan ɓangaren a hankali bayan an tatse, sai na ji wani ɗan ƙullutu can sama wanda da ban taɓa lura da shi ba. Na ware madararta tun yau.

Baba Ardo: Gani ya kori ji. Ɗana, in ka sami sarari ka zo mini da farantin nan Tamburawa. Akwai wata nagge da nake so a duba, ɗanta ba ya ƙiba.

Mai Turke: In sha Allahu Baba, ranar Lahadi bayan tatsar safe ina tafe.

Dakta: Alhaji, sannu da ƙoƙari. Yanzu kafin kowane magani, a ɗauki samfur. Ka nemi kwalbar gwaji sabuwa da ba a buɗe ba, ka wanke hannu, ka goge bakin kan nonon da auduga da sifirit har audugar ta fito fes, ka zubar da tsartuwar farko, ka tatsa kaɗan a kwalbar kana riƙe da ita a karkace don kada datti ya faɗa. Kowane kan nono da kwalbarsa, a rubuta. A saka cikin ƙanƙara a kai ɗakin gwaji su shuka su ga wace ƙwaya ce, wane magani ke kashe ta. In ba a samu a kusa ba, Zariya ba nisa, ga tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Kafin sakamako ya fito, ita za a riƙa tatsa a ƙarshe, Bokolon kafin ita, masu lafiya da farko. Kowace da tsummanta, a wanke a shanya a rana.

Zan gaya maka gaskiya tun yanzu don kada ka ce ban faɗa ba. Saniya mai haihuwa huɗu, kan nono biyu, ga ƙullutu, in sitaf ce damar warkewa tana cikin tatsa kaɗan ce. Inda ake samun sa'a shi ne lokacin da aka busar da ita, wato aka daina tatsarta, wata biyu kafin haihuwa, a matsa mata maganin cikin kan nono mai daɗewa. In ta haihu aka gwada ya dawo, to ta zama rijiyar da sauran ke ɗiban cuta, sai a fitar da ita.

Mai Shagon Magani: Ni da ni ne, ba zan jira duk wannan ba. Ka bar ta kwana ɗaya ba tatsa, hantsa ta cika ta yi kyau, Juma'a mai zuwa ka kai ta Wudil. Babu mai ganewa. Ka cika kuɗi ka sayi karsana.

Malam Liman: Subhanallah. Tun farko ina karantawa ban ce komai ba don ba fannina ba ne, amma wannan fannina ne. Abin da ka faɗa shi ne ainihin abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana da sunansa. Ya hana a ƙi tatsar raƙuma ko tunkiya don hantsa ta cika a ruɗi mai saye, ya kuma ba wanda aka yi wa haka zaɓi bayan ya tatsa, ya riƙe ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, malamai kuma sun shigar da saniya cikin hukuncin. Balle a haɗa da ɓoye ciwon da mai ita ya gani da idonsa. Wanda zai saye ta wataƙila wani ne ya sayar da gonarsa don ya fara kiwo. In Alhaji zai sayar, ya faɗi aibinta, ko ya sayar wa mahauta.

Mai Shagon Magani: Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Astagfirullah. Ban san akwai hadisi a kai ba.

Mai Turke: Allah ya gafarta Malam, ko ba a faɗa ba ba zan iya ba. Saniyar nan ita ce ta farko da na saya, uku daga cikin shanun da ke turken 'ya'yanta ne da jikarta. Zan bi ta hanyar da Dakta ya ce har a ga ƙarshe.

Hajiya Mai Yogot: Alhaji, ka kira matar nan yau ka gaya mata abin da ka gano da abin da ka yi. Kada ka jira ta gani a yogot. Ni da masu kawo mini za su riƙa nuna mini irin littafin nan, da na ƙara musu kuɗi a kan kowace lita ba tare da an roƙe ni ba. Yanzu abin da muke dubawa ruwa ne kawai da tsami, mu da wuraren tara madara duka. Lafiyar hantsa ba wanda ke biya dominta, shi ya sa ba wanda ke wahala a kanta.

Baba Ardo: Hajiya ta faɗi gaskiya. Amma ni har yanzu ina kan bakana, Likita. Ku mayar wa shanun nan 'ya'yansu.

Dakta: Baba, a kan Bunaji da Bokolo ina tare da kai. Abu ɗaya kawai, kada a bar maraƙin babbar saniyar nan ya riƙa zagawa yana tsotsar sauran. Madarar kan nonon nan biyu kuma a zubar da ita nesa da turke, kada a ba 'yan maruƙa mata ɗanya.

Uwar Garke: Alhaji, tsumman nan shida ka sa kowanne launinsa daban, in ba haka ba kwana biyu yaron zai haɗa su. Kuma ka sa ya yanke farce.

Mai Turke: Na gode Hajiya. Dakta, samfurin in na ɗauka gobe Asabar, zai kai Litinin a firij, ko in bari sai ranar da zan tafi?

Dakta: Ka bari sai Litinin da asuba, ka ɗauka ka kama hanya da shi a cikin ƙanƙara. Ka haɗa da na baya-daman Bokolon.